Al'ada da tamowa: shawarwarin da aka tattara

A tattaunawa kan yadda al'ada ke shafar tamowa (cutar rashin abinci mai gina jiki), galibin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda ba talauci kaɗai ke kawo ta ba. Akwai gidan da abinci ya wadata, amma yara da masu juna biyu ne na ƙarshe a rabo, ko a hana su ƙwai da nama saboda camfi.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a jawo kakanni da magidanta cikin maganar, tunda uwa ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Wannan, a ganina, ita ce ta fi nauyi. An kuma tunatar da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: kada a zubar da dakashi (nonon farko bayan haihuwa), nono zalla har wata 6, daga nan a ƙara da abinci iri-iri.