Batirin Habibu da kalmar da ta raba zaure

Habibu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Raina a ɓace yake, ba kuma zan yi shiru ba. Kun san bindigar wasan nan tawa ta eyasof, ƙirar CYMA, wadda na sayo ta hannu a birni bayan girbi, mai harba ƙwayar roba mai milimita 6. Da batiri mai volt 8.4 ta zo, tana aikinta lafiya lau. Wanda ya sayar min ya ce in ina son ta yi ƙarfi in sa mata wani irin batiri da ake kira LiPo, mai volt 11.1. Na sayar da buhun gero na saya. Kwana tara kacal kunamar ta fara ƙin ɗauka, ina jin ƙauri a jikinta. Jiya kuma na kai batirin caji, na dawo na tarar ya kumbura kamar fanke. Maganata ita ce, duk wanda ya ce wa sabon shiga ya fara da 11.1 cutarsa ya yi, kuma mai cajin da bai san kan batir ba bai kamata ya karɓa ba. Ban kama suna ba.

Ɗanlami Mai Caji: Wa'alaikumus salam. Shagon caji nawa ne a garin nan da za ka ce ba ka kama suna ba? Ka kawo min abu a leda, na tambaye ka ina cajarsa, ka ce ba a haɗa maka da ita ba. Na ga an rubuta 11.1, na ce ai ƙanen 12 ne, na jona shi a ta batirin babur. Taimako na yi maka, ko sisi ban karɓa ba.

Baffa Iro: Ku ajiye zancen batir tukuna. Habibu, me na ji ka ce? Bindigar wasa? Na ga abin nan da idona ranar da kuka fito da shi a filin bayan firamare. Shekara ashirin ina sintiri a garin nan. In na hango mutum da shi da daddare a gindin tsamiya, wallahi ba zan tsaya tambayar ko roba ce ba. Abin da ya yi kama da AK tun daga gindi har hanci, ba a ce masa wasa.

Habibu: Baffa, da girmanka, ai don wasa aka ƙera ta. Gwangwanin madara muke jerawa a jikin katanga muna saiti. Ko kaza ban taɓa nunawa ba.

Baffa Iro: Langa wasa ce. Dara wasa ce. Wannan tsokanar ajali ce.

Musbahu: Matsalar ƙauye ke nan, duk abin da ba a saba gani ba sai a ce masifa ne. Wasa ne sananne a duniya. A Japan aka faro shi tun wajen 1970, saboda dokarsu ta tsananta ƙwarai a kan mallakar bindigar gaske, sai suka ƙera mai harba roba. Kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai batiri a 1991. Manyan mutane masu iyali suna haɗuwa a fili, su rabu gida biyu, su kara, su tashi su ci abinci tare.

Gambo Direba: Wa kake ce wa ƙauye? Kai da aka binne cibiyarka a bayan gidan Sarkin Fawa? Shekara uku kana tsaron shagon wani a kasuwar Farm Centre ta Kano, shi ke nan mun zama ƙauyawa?

Musbahu: Ni ban zagi kowa ba. Ƙauye ƙauye ne, birni birni ne.

Gambo Direba: To ka sani, 1991 ɗin da kake taƙama da ita, a shekarar aka yanke mana Jigawa daga Kano, kuma ba mu yi nadama ba. Shinkafar da kuke ci a birnin daga fadamar Haɗeja ake kai muku, ni nake ɗauko ta.

Nura: Don Allah ku bar ni in amsa wa Habibu abin da ya kawo, don ana ta tafiya an bar shi a baya. Lantarki nake karanta a Kazaure, kuma na taɓa buɗe irin wannan. Wanda ya sayar maka bai faɗa maka gaskiya ba. Batir ba ya ƙara ƙarfin harbi. A cikinta akwai ɗan inji da ke juya giya uku, giyar ta ja fistin baya ta danne sifirin, ta sake shi, iskar da ya turo ita ke fitar da ƙwaya. Ƙarfin harbi yana wajen sifirin da yadda iska ba ta yoyo. Abin da babban batir ke yi kawai shi ne ya sa injin ya riƙa gudu da sauri, ƙwayoyi su fi yawa a cikin daƙiƙa. Kuma duk sanda ka ja kunama, wasu ƙarafa biyu ne ke haɗuwa wuta ta wuce. Da 11.1 tartsatsin da ke tashi a wurin ya fi ƙarfinsu, sai su yi baƙi su ƙone, shi ne ƙaurin da ka ji. Shi ya sa ake fara sa mata wani ɗan abu da ake kira MOSFET kafin a ɗora mata irin wannan batirin, shi yake ɗauke wa kunama nauyin wutar. Ko da an sa shi, saurin na iya cinye haƙoran fistin in na roba ne.

Nura: Shi kuma batirin, gida uku ne a ciki, kowanne 3.7. In ya cika kowane gida 4.2 ne, jimla 12.6, ba a wuce nan. Cajar batirin babur tana haura 14, kuma ba ta san akwai gida uku ba. Ka duba za ka ga wata ƙaramar farar soket a jikinsa ban da babbar wayar, ta nan cajarsa ta musamman ke daidaita gidajen ɗaya bayan ɗaya. Allah ne ya rufa asiri bai kama da wuta a shagon ba. Habibu, yana ina yanzu? Kar ka huda shi, kar ka danna shi, kar ka sake jona shi. Ka sa shi a bokitin yashi nesa da zana da rumbu.

Ɗanlami Mai Caji: Kun ji ko? Nura ya ce wanda ya sayar ne bai faɗi gaskiya ba.

Nura: Na kuma ce cajar babur ce ta kumbura shi, Ɗanlami. Ka karanta har ƙasa.

Malam Tasi'u: Ni dai ina bayan Baffa a kan kalmar nan. Suna yana da tasiri. In ka ce wa abu wasa, ka ba yaro izinin ɗauka. Kowace Sallah muna ganin ƙananan bindigogin roba masu ƙwaya a hannun yara, kuma a ajina akwai yaron da har yau idonsa na hagu ba ya gani sosai saboda su. Waɗancan ma na 'yan kuɗi kaɗan ne. Ina ga wannan mai inji?

Habibu: Malam, ai ba na ba yara. A kulle take a akwati.

Malam Tasi'u: Kana da tabarau na kariya?

Habibu: Ina da na babur.

Nura: Na babur ba ya wadatarwa, fashewa yake yi. Wannan shi ne abin da ya kamata ka fara saya kafin kowane batir. Ƙwaya mai giram 0.20 tana fita da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa ɗaya. A jiki zafi ne kawai da ɗan tabo, amma tana fasa haƙori, kuma ido ba ya jure ta. In ta bugi katanga dawowa take yi. Ko a Japan da Musbahu ke faɗa, doka ta yanke musu iyakar ƙarfin da ba a wucewa.

Musbahu: Yawwa, kun ga akwai doka da tsari, wato wasa ne. Ƙwallo ma ana karya ƙafa, an daina ce mata wasa? Dambe fa? Sharo fa? Baffa da kansa ɗan tauri ne, wuƙa yake gogawa a cikinsa a gaban Hakimi, ana kiɗa ana cewa wasan tauri.

Baffa Iro: Kul, yaro. Kar ka sa bakinka a abin da ka tarar. Tauri gadonmu ne, kowa ya gan mu da kayanmu ya san mu waye, ba wanda ya taɓa gudu ya bar gonarsa don ya hango ɗan tauri. Ranar da Habibu ya ratsa ta bakin rijiya da abin nan a kafaɗa, mata biyu sun yar da tulu. Ka tambayi mahaifiyarka, tana wurin.

Musbahu: Baffa, a bar iyaye a gefe.

Gambo Direba: Kai ka fara taɓa manya.

Malam Tasi'u: A 2014 a jihar Ohayo ta Amurka, ɗan sanda ya harbe yaro ɗan shekara 12 har lahira saboda yana riƙe da irin wannan ta eyasof, ƙarama. A can ma da doka ta ce a sayar da su da launin ruwan lemo a bakin bututu don a bambance, tasa ba ta da shi. To mu nan da ake cikin ɗar-ɗar na masu satar mutane, wa zai tsaya duba launin hanci? Kuma a jerin kayan da kwastan suka haramta shigowa da su gaba ɗaya akwai ƙaramar bindiga mai aiki da iska.

Musbahu: Wannan masu harba dalma ake nufi, ba roba ba. A ina ka gani, Malam?

Malam Tasi'u: Na gani da idona. Kai a ina ka ga cewa dalma kaɗai ake nufi?

Musbahu: Kowa a birni ya sani.

Gambo Direba: Ni da nake bin hanyar Ringim zuwa Kano kullum, na san abu ɗaya. In aka buɗe but aka ga wannan a shinge, daga direba har fasinja sai mun kwana a bayan kanta kafin a gano roba ce. Habibu, a motar wa ka kawo ta?

Habibu: Ba taka ba ce.

Gambo Direba: Alhamdu lillahi. Tunda ana maganar gaskiya, kuɗin rigunan ƙwallo da muka tara bara suna hannun wa? Buhun gero aka sayar, ko kuɗinmu ne ya kumbura?

Habibu: Gambo, ka ji tsoron Allah. Kuɗin nan na miƙa su a gaban mutum huɗu, Yaya Sabo yana nan da ransa.

Sale: Ni tambayata daban ce. Abin nan zai kori jan-baki daga gonar shinkafa? In zai yi, ni ba ruwana da sunansa, wasa ne ko ba wasa ba, zan yi haya.

Nura: Ba zai yi ba, Sale. Ƙwayar ba ta wuce mita 40 zuwa 50 da saiti, kuma ba ta da ƙarar da za ta firgita garke. Gwangwani da igiya sun fi ta. Habibu, in ka gyara kunamar ka koma kan 8.4 ɗinka, ko LiPo mai 7.4 tare da cajarsa. In nisa kake so, akwai wata 'yar roba a farkon bututu da ke murza ƙwaya ta juya baya don ta daɗe a iska, ana saita ta da ɗan ƙaramin maɗauri, ita za ka koya. Ka sayi ƙwaya mai kyau ta 0.25, ka rabu da masu launi na 0.12 da ake sayar wa yara, fashewa suke a ciki su ɓata bututun. Kuma a zafin bazarar nan kar ka bar batir a ɗakin kwano da rana.

Baffa Iro: Kun gani? Muna cewa a raba shi da ita, wannan yana koya masa nisan harbi.

Nura: Baffa, tambaya ya yi na amsa.

Baffa Iro: Ba kowace tambaya ake amsawa ba.

Musbahu: Har yanzu ba wanda ya kawo hujjar cewa ba wasa ba ne. Ihu kawai ake.

Malam Tasi'u: Idon ɗalibina ba hujja ba ne?

Yaya Sabo: To jama'a, dare ya yi, a matsayina na shugaban zaure bari in tattara abin da aka cim ma. An tabbatar abin nan ba wasa ba ne, kamar yadda Baffa da Malam suka kawo hujjoji masu ƙarfi, ba kuma wanda ya iya rushe su. Masanin lantarki ya bayyana cewa laifin na wanda ya sayar ne a birni, don haka Ɗanlami ya fita, taimako ya yi, ya kamata ma a ba shi haƙuri tunda an jefa shagonsa cikin haɗarin gobara. Musbahu ya janye kalmar ƙauye. Maganar kuɗin riguna ba ta zaure ba ce, a same ni a gida. Habibu ya kai abin wajen Mai Unguwa gobe a san da zamansa.

Musbahu: Yaushe na janye?

Nura: Yaya Sabo, ban ce Ɗanlami ya fita ba. Saƙona yana sama.

Habibu: Yaya, kowa ya san Ɗanlami ɗan ƙanwarka ne. Zan je wajen Mai Unguwa don girman Baffa, amma haƙuri ba zan bayar ba, ni aka yi wa asara. Nura, na sa shi a bokitin yashi can bayan turken awaki. Tsohon mai 8.4 yana nan. In na mayar mata da shi kunamar za ta ɗauka, ko sai an buɗe?

Nura: Sai an buɗe an goge ƙarafan, in sun cinye a sauya. Kar ka kwance ta kai kaɗai, sifirin ɗin tsalle yake yi. Ranar Juma'a ina gida, zan taho da kayan aiki. Ka matsar da bokitin daga wajen awakin.