Neman kalmar Hausa: wane suna za mu raɗa wa akwatin da mai jitar bes ke takawa?

Jama'a, makaɗa da masu haɗa sauti da malaman Hausa na nan Sakkwato, a taimaka da suna. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, girmansa bai wuce tafin hannu ba, wanda mai kaɗa jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya, ke ajiyewa ƙasa yana takawa. Bature na ce masa preamp pedal. Yaran situdiyo sun mayar da shi "firiyam", wasu su ce "feda" kawai, wasu kuma SansAmp ko da wani kamfani ne daban ya ƙera shi, kamar yadda kowane garin sabulu ya koma Omo. Ina koya wa yara aikin sauti, kuma na gaji da faɗin "abin nan".

Kafin kowa ya kawo suna, ga aikinsa, don kada mu raɗa wa yaron da ba mu gani ba.

Abin da ke fitowa daga jita ta waya rauni gare shi, ko bolt ɗaya ba ya cikawa. Amfilifaya kashi biyu ce a ciki. Kashin farko shi ke karɓar wannan raunin, ya ɗaga shi, ya gyara masa kauri da tsakiya da kaifi. Na biyu ƙarfi kawai yake ƙarawa don ya girgiza lasifika. Akwatin da muke magana kashin farkon ne aka cire aka sa cikin gwangwani. Sai dai bai tsaya nan ba: an gina shi ne ya yi kamar wasu tsofaffin amfilifayoyi da kunnen duniya ya saba da su. Akwai Fender Bassman ta 1952. Akwai Ampeg B-15 ta 1960, mai lasifika ɗaya ta inci 15, wadda kanta, wato sashen na'urar da ke zaune a sama, ke kifewa ya ɓuya cikin akwatin lasifikar in an tashi tafiya, muryarta mai taushi da ɗumi. Sai uwar tafiyar, Ampeg SVT ta 1969: wat 300, bawul 14, wato waɗannan kwalaben gilashin masu kama da ƙwan lantarki, kanta kaɗai kusan kilo 40, ga akwatin lasifika takwas masu inci 10 a ƙarƙashinta. In aka matsa wa bawul, sautin ba ya fashewa, sai ya yi wani gurnani mai daɗi. Gurnanin nan ake bi.

To wa zai ɗora SVT a Keke Napep daga Mabera zuwa wurin biki a Arkilla? Wa zai kunna kwalabe 14 masu huci a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, a kan janaretan da wutarsa ke hawa da sauka? A 1989 wani injiniya, Andrew Barta, ya fitar da SansAmp daga kamfaninsa Tech 21 a New York, a 1994 kuma Bass Driver, wadda aka yi domin bes, ta biyo baya. Batir mai bolt 9 ya ishe ta, ko ta sha bolt 48 daga mikisa, teburin nan da ake haɗa sautuka a kai, ta wayar nan mai haƙora uku, kuma kai tsaye take shiga mikisa ba amfilifaya a tsakani. Yau ga su nan birjik: VT Bass, SGT-DI ta Ampeg da kanta, BassRig daga Ingila. Wasu da tiransista suke yi, wasu da lissafin kwamfuta.

Shawarata ta farko: zagin sauti. Zagi ne ke gaban dokin sarki yana gyara hanya, wannan kuma shi ke gaban amfilifaya. Bismillah, a yanka.

Malamin Hausa:
Malam, tunanin ya yi kyau a baki, amma rubuta shi ka gani. Ba mu sa alamar karin sauti a rubutun yau da kullum, saboda haka zagin sarki da zagin ashar fuskarsu ɗaya a takarda. Ranar da yaronka zai aiko saƙo ya ce "Oga, zagin ya yi yawa", ba za ka san ko batun sauti yake ba ko faɗa aka yi da ango. Sannan zagi na buƙatar sarki a bayansa, kai kuwa yanzu ka gaya mana yawancin lokaci babu amfilifayar ma sam. Sans ɗin nan na SansAmp Faransanci ne, ma'anarsa babu.

Mai tambaya:
Na janye zagi.

Mai kaɗa bes a wuraren biki:
Ni wallahi feda nake cewa kuma kowa na ganewa. Keke na da feda, keken ɗinki na da feda, kalmar ta daɗe da zama tamu. Me ya sa za mu wahalar da kanmu?

Mai haɗa sauti a situdiyo:
Yaya, feda nawa ke gabanka ran Asabar? Ta gyaran tsirkiya feda ce, ta matse sauti feda ce, ta amsa-kuwwa feda ce. In na ce wa yaro "rage feda" wacce zai taɓa? A bar feda ta zama sunan dangi, wannan kuma a nemo mata nata. Ni zan ce makwaikwayiya, tunda kwaikwayo take yi.

Wata ɗalibar Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:
Makwaikwayiya gaɓa biyar ce, kuma harshe sai ya yi tuntuɓe sau biyu kafin ya fita. Cikin hayaniyar biki ba mai faɗinta. Ban da haka, kwaikwayo ya riga ya tare a wasan kwaikwayo, mai ji zai zaci jaruma ake nufi. Ga wakiliya ko muƙaddashiya, tunda tana riƙon kujerar amfilifaya ne, amma su ma warin ofis gare su.

Wani dattijo, tsohon mai gyaran rediyo:
Ɗiyana, ku dakata. Abin ga da kuke nema, makaɗan hwada sun riga ku. Duk wanda yat taɓa riƙa kotso ko taushi ya san nake, wanga danƙon da aka liƙawa tsakiyar hwata. In babu shi, kotso sai shi yi ƙara kamar kwano. In anka liƙa shi daidai, sai muryar ta zamna, ta yi kauri. Kiɗin su Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, da kotson Narambaɗa, duk da nake anka gyara su. Ba shi ƙara ma ganga ƙarhi, murya shika gyarawa. Mi kuka so wanda yaf hi wanga? Ku ce naken jita ku huta.

Mai tambaya:
Baba, Allah shi ƙara girma. Wannan ta shige ni, kuma ita ce kalma mafi kyau da aka kawo zuwa yanzu. Gajera ce, ta gida ce, kuma ta dace da rabin aikin sarai, wato gyaran murya tun daga tushe kafin a kai ga ƙarfi. Amma da izininka zan ja kaɗan. Nake a jikin ganga yake zaune, kuma muryar gangar da kanta yake fitarwa. Kotso mai nake kotso ne dai, ba ya komawa tambari. Akwatin nan kuwa aikinsa ke nan: ka shigo da jita mai araha, ka taka, ta fito da muryar wata na'ura da aka ƙera a Amurka tun kafin a haifi mai kaɗawar. Murɗa maɓalli ɗaya, SVT; murɗa baya, B-15. Muryar ba tata ba ce.

Sai dai kada mu yar da nake, don yana da gurbi da ya fi wannan dacewa da shi. Akwai jitocin bes da aka dasa wa irin wannan kashin farkon a cikin jikinsu, da ɗan ɗakin batir a baya, irin Music Man StingRay da ta fito a 1976. Wancan a jikin kayan kiɗan yake, muryar jitar yake gyarawa, ba ya kwaikwayon kowa. Shi ne naken jita, ba ragi ba ƙari.

Dattijon:
To, na yarda. Kun dai ga ban tashi banza ba.

Ɗalibar:
Malam, kai da kanka ka faɗi sunan ba ka lura ba. Ka ce muryar ba tata ba ce. Ai aro ke nan. Fedar aron murya.

Mai kaɗa bes:
Kai! Wato jita ta ari bakin Ampeg ta ci mata albasa.

Mai haɗa sauti:
Ina da ƙorafi biyu. Na ɗaya, abin aro mayarwa ake yi, wannan kuwa ba ya komawa. Na biyu, me ya sa murya? Murya ta mai rai ce. Aron amo ko aron sauti ba su fi ba?

Malamin Hausa:
Na farkon bai tsaya ba. Mota da tebur da feda ɗin kanta kalmomin aro muke ce musu a aji, ban kuwa ji ranar da aka mayar wa Bature ba. Na biyun ya fi nauyi, bari in tsaya kansa. Sauti ya yi faɗi: ƙarar janareta sauti ce, tari sauti ne. Amo ya fi kusa, amma amsa-amo ya riga ya zama sunan ƙafiya a nazarin waƙa, aron-amo da amsa-amo kuwa za su riƙa karo a kunne. Murya ita ce abin da kake gane mutum da shi ko yana bayan katanga, ko da kalmar da ya faɗa kowa na faɗinta. Abin da ake saye a akwatin nan ke nan. Tsirkiya ɗaya aka kaɗa, amma mai kunne zai ce wannan B-15 ce, waccan SVT. Kuma ba yau aka fara ba kayan kiɗa murya ba. Mutanen da kalangunsu ke kiran sunan mutum yana yi masa kirari ba za su yi gardamar wannan ba. Ga Baba ma da ya zo maganar kotso, murya ya ce, ba wanda ya sa shi.

Mai haɗa sauti:
Na sauka. Amma a rubuta cewa aron ba ya cika. Ni da ke zaune gaban mikisa na san bambanci. Akwatin na kawo gurnanin bawul, yana kuma yanke kaifin sama kamar yadda lasifika ke yi, shi ya sa ba ka jin wannan ƙyas-ƙyas na tsirkiya. Abin da ba ya iya kawowa shi ne iskar da lasifika takwas ke turowa ta bugi ƙirji. A bes mai tsirkiya huɗu, mafi kaurinsu sau 41 take kaɗawa a daƙiƙa, in lasifikar wurin bikin ƙarama ce ba za ta fitar da wannan ba ko ka tara feda goma. Kuma yara na da ɗabi'ar murɗe maɓallin gurnani har ƙarshe, sai bes ya koma kukan babur. Akwai maɓallin da ke gauraya muryar aro da ta jitar. A tsakiya nake barinsa, sai in ƙara kaɗan-kaɗan.

Mai tambaya:
Ai sunan ya ɗauki wannan ma, ba wanda ya ce abin aro daidai yake da naka. Bari in gwada shi a bakin aiki. "Miƙo min fedar aron murya." "Batirin aron-murya ya mutu." "Zare wayar aron-murya in an tashi, tana shan batir." "Hura ƙurar hunturun nan daga maɓallan aron-murya, suna ƙara." Duk sun zauna. Cikakken suna mace ne saboda feda, gajeren kuma namiji saboda aro: fedar ta lalace, aron-muryan ya lalace.

Ɗalibar:
A gajeren a sa karan ɗori tsakani, aron-murya, don a bambanta shi da mutumin da ke kwaikwayon muryar wani a rediyo. Jam'i fa?

Mai kaɗa bes:
Fedodi.

Malamin Hausa:
Fedoji, ƙanena. Oda, odoji. Fedojin aron murya.

Wani mai karatu daga Gusau:
Sannunku da aiki. Tambaya ɗaya: irin wannan aron da ke cikin kwamfuta ko waya, wanda ba a takawa, shi ma feda ne?

Mai tambaya:
A'a, shi manhajar aron murya. Mai haɗa sauti, wannan akwatin da ke kai bes mikisa ba tare da ya taɓa muryar ba, wanda kuke ce wa di'ay, shi ba ya aron komai, don haka bai shiga nan ba. Ka buɗe masa nasa zaren gobe, ka kuma kira Baba tun da wuri.