Neman shawara: wane antibairos ne ba zai sa kwamfuta nauyi ba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka. Laftof ce mai Windows 10, furosesa Core i3, RAM 4GB, faifan ajiyarta 500GB irin na da mai juyawa. Ta zo da antibairos na gwaji, da wa'adinsa ya ƙare sai aka ɗora min wani na kyauta. Tun daga nan idan na kunna ta sai na yi kusan minti biyar ina jira kafin Word ya buɗe, fanka kuma na ta gurnani. Aikina bai wuce rubutu, Excel, shiga intanet da karɓar fayiloli a filash ba. Wane antibairos ne mara nauyi? Ko in cire gaba ɗaya in huta?

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin mu je ga suna, wancan na gwajin an cire shi ne, ko wa'adinsa kawai ya ƙare? Ƙarewar wa'adi ba ta fitar da shi. Yana nan zaune, yana tashi tare da Windows kullum.

Abin da ke kawo nauyin shi ne kowane antibairos yana kafa shinge a kan hanyar fayiloli. Duk fayil ɗin da za a buɗe, a kwafa ko a ajiye, sai ya tsayar da shi ya duba tukuna. Idan su biyu ne, kowane fayil sau biyu za a tare shi. Wani lokacin ma wannan ya buɗe fayil don ya duba, wancan ya ga an taɓa fayil shi ma ya taso, su yi ta bin sawun juna. Faifai mai juyawa kuwa da hannu ɗaya yake karatu, yana kai-komo a kan faranti, don haka duk wata buƙata layi take shiga.

Ki kunna kwamfutar, ki danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ki duba ginshiƙai uku, CPU (furosesa), Memory (RAM) da Disk (faifai). Danna kan kowanne yana jero manhajojin daga wadda ta fi ci. Ki duba a minti biyu na farko, ki sake dubawa bayan minti goma, ki gaya mana abin da kika gani.

Maman Ilham:
Na duba Malam. Disk yana tsaye a kan 100% har kusan minti takwas, Memory 87%, CPU kuma yana yawo tsakanin 20 da 30. Kuma gaskiyarka ce, dukansu biyun suna nan. Na ga har da wata manhaja ta share shara da VPN waɗanda ban san lokacin da suka shigo ba.

Baban Sadik:
To ai magana ta fito. Furosesarki ba ta gaji ba, faifan ne ya shaƙe. Ki cire dukansu, amma ba za ki zauna babu kariya ba, domin Windows 10 da 11 suna da nasu a ciki, Microsoft Defender. Yana janye jikinsa ne idan ya ga an ɗora wani, yana kuma dawowa aiki da kansa idan an cire. Ga irin aikin da kika lissafa, ya wadatar.

Ki fara kwafe muhimman takardunki a wani wuri. Sai ki shiga Settings, ki je Apps, ki cire su ɗaya bayan ɗaya, kina sake kunna kwamfutar bayan kowanne. Kada ki haɗa su a lokaci guda. Cirewa ta nan takan bar saura, musamman direbobin da suka saƙa a cikin Windows, shi ya sa yawancin kamfanonin ke da manhajar gogewa ta musamman: McAfee na da MCPR, Norton na da Remove and Reinstall, Avast na da Avast Clear, Kaspersky na da kavremover. Ki nemi ta kamfanin naki, daga shafinsa kai tsaye. Masu raba bairos sun san mutane na neman waɗannan sunayen, suna kafa shafukan bogi da su.

Mai share sharan nan da VPN ɗin su ma su bi sahu. Ki leƙa burauzarki ki cire ƙananan manhajojin da suka maƙala mata. Daga ƙarshe ki buɗe Windows Security, ki tabbatar Real-time protection, wato mai gadin da ke duba fayiloli a kowane lokaci, da Cloud-delivered protection a kunne suke, ki bari ya sabunta kansa.

Kwana ɗaya ko biyu na farko za ki ga Antimalware Service Executable a saman Task Manager. Shi ne Defender ɗin, yana zagayen farko. Kada ki yanke masa hukunci a wannan lokacin.

Malama Zainab:
Na yarda da Baban Sadik, amma tunda tambayar ta zaɓi ce, bari a faɗi yadda ake zaɓa ba tare da dogaro da talla ba. Kowane kamfani cewa yake nasa ne mafi sauƙi.

Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da ke gwada waɗannan manhajoji. AV-TEST a Jamus tana ba da maki a fannoni uku: kariya, nauyi a kan kwamfuta, da rashin ƙararrawar ƙarya. Kowane fanni maki 6 ne, jimilla 18. AV-Comparatives a Austiriya kuma tana da gwaji na musamman a kan nauyi, inda take auna kwafe fayiloli, ɗora manhaja, buɗe manhaja, sauke abu daga intanet da buɗe shafuka. Ki duba rahoton ƙarshe, ki haɗa da biyu ko uku kafinsa, domin wanda ya zo gaba bana yana iya komawa tsakiya baɗi idan ya canza fasali. Sannan kada ki tsaya a jimillar maki. Ki duba layin da ya shafi aikinki. Mai rubutu da Excel, layin buɗe manhaja ne nasa. Inda aka fi jin nauyin Defender shi ne wajen kwafe dubban ƙananan fayiloli ko ɗora manyan manhajoji, ke kuma ba kullum kike wannan ba.

Idan dai sai kin sa na waje, ESET da Bitdefender na cikin waɗanda aka daɗe ana ambata da rashin nauyi. Ki ɗauki mafi ƙanƙantar kunshi, wanda antibairos ne zalla. Manyan kunshin nan masu VPN, ma'ajiyar kalmar sirri, mai sabunta direbobi da burauza ta musamman, kowanne aiki ne da ke tashi tare da Windows yana gutsurar RAM. Wajen ɗorawa ki zaɓi Custom, ki cire alamar da ke gaban duk abin da ba ki nema ba.

Wasu sunayen ma gida ɗaya ne. Avast ya sayi AVG a 2016, yanzu kuma su biyun da Avira da Norton duk suna ƙarƙashin Gen Digital. Barin Avast a koma AVG don neman sauƙi kusan canza riga ne kawai. Na kyauta kuma a riƙa karanta sharuɗɗansa: a 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta.

Injiniya Auwal:
Malama, duk abin da kika faɗa daidai ne, amma bambancin nauyi tsakanin antibairos masu kyau ƙarami ne idan aka gwada da bambancin faifai. Hajiya ta ce Disk 100%, Memory 87%. Ko wanne ta saka, wannan laftof ɗin za ta ci gaba da jan ƙafa.

Faifan laftof mai juyawa yawanci zagaye 5400 yake yi a minti, yana karanta kimanin 100MB a daƙiƙa idan babban fayil ne guda. SSD kuwa, wato faifan ajiya na zamani mara juyawa, irin na SATA yana kaiwa wajen 500MB. Wannan ninki biyar ke nan, amma a ƙananan fayiloli da ke warwatse tazarar ta wuce haka nesa, domin SSD ba shi da hannun da zai je ya nemo. Aikin antibairos kuwa kusan duka ƙananan fayiloli ne. Ga kuma RAM: Windows da burauza mai shafuka kaɗan sun isa su cinye 4GB. Idan ta cika, Windows na juye ragowar a kan faifai, wato faifan da ya riga ya shaƙe ake ƙara wa kaya.

Shawarata, SSD mai inci 2.5, 256GB ko 512GB, ya maye gurbin tsohon, a kuma kai RAM 8GB idan akwai gurbi. Kafin saye ki shiga Performance a Task Manager, ki danna Memory, zai nuna gurbi nawa ne da nawa ake amfani da su. Ki kuma tabbatar ko DDR3 ce ko DDR4, ba sa shiga gurbin juna. Idan ɗaya kaɗai zai yiwu yanzu, SSD ne gaba.

Malama Zainab:
Ba mu saɓa ba Injiniya. Amma ta fara da cirewar, ta auna, sannan ta san ko sayen ya zama dole. Hajiya, ki riƙe agogon wayarki ki auna abu uku: daga danna makunni zuwa lokacin da Disk ya sauka ƙasa da 20%, buɗe wani fayil ɗin Excel guda, da kwafe folda ɗaya mai hotuna da yawa. Kowanne sau uku, ki ɗauki na tsakiya. Ki maimaita bayan kowane canji. Haka ma za ki gwada duk wani antibairos a lokacin gwajinsa na kyauta.

Malam Nasiru:
Idan Defender ɗin ya riƙa tasowa da bincike kina tsakiyar aiki, ana saita shi. A Task Scheduler, ki bi Microsoft, Windows, Windows Defender, za ki ga Windows Defender Scheduled Scan. A nan ake sa masa rana da lokacin da kwamfutar ke kunne amma ba a aiki da ita, kuma a ce sai tana jone da wuta. Gajeren bincike ya isa na yau da kullum. Cikakken bincike a kan faifai mai juyawa na iya cin awanni, ba abin yi ba ne kowane mako tunda mai gadin yana duba duk abin da ya motsa.

Akwai kuma iyakar furosesa da yake ci lokacin bincike, wadda asalinta 50% ce. A PowerShell da izinin admin, Set-MpPreference -ScanAvgCPULoadFactor 25 zai rage ta. Binciken zai daɗe, amma zai bar miki wurin numfashi. Sai dai a matsalarki wannan ba zai yi tasiri sosai ba, tunda ba CPU ce ta cika ba.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne Exclusions, wato foldojin da ake ce masa kada ya duba. Za ki ga ana ba da shawarar a saka C gaba ɗayansa, ko foldar Downloads, ko duk fayil mai ƙarewa da exe. Wanda ya yi haka ya kashe kariyar ne, alamar kore kawai ta rage masa. Ana keɓe folda ne idan an san duk abin da ke ciki, kamar ta masu rubuta manhaja da ke haifar da dubban fayiloli.

Baban Sadik:
Maganar filash kada ta wuce mu. Defender ba ya binciken filash gaba ɗaya da zarar an soka, sai fayil ɗin da aka taɓa. Ki kashe AutoPlay a Settings, wato tsarin da ke buɗe filash da kansa idan an soka. Idan kin soka, kada ki buɗe. Ki danna shi da maɓallin dama ki zaɓi Scan with Microsoft Defender. Ki kuma sa File Explorer ya riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, don ki gane takarda.pdf.exe ba takarda ba ce. Idan kika ga foldojin filash sun koma masu 'yar kibiya a gefe, kada ki danna ko ɗaya. Bairos ne ya ɓoye na gaskiyar ya ajiye tarko a madadinsu.

Don ƙarin ido, akwai waɗanda ba sa zama a kan shinge, sai kin kira su: Malwarebytes na kyauta, ESET Online Scanner, ko Microsoft Safety Scanner. Shi Malwarebytes yakan fara da gwajin na kuɗi mai gadi a kunne, ki kashe wannan don kada ki koma gidan jiya. Ki gudanar da ɗaya yanzu, ki bi da Microsoft Defender Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ya tashi. Dalili kuwa, wani nauyin bairos ne da kansa. Idan Office ko Windows ɗin da manhajar fasa lasisi aka kunna su, ta wannan ƙofar manhajojin da ke haƙar kuɗin kirifto a ɓoye da kwamfutar mutum ke yawan shigowa. Alamarsu fanka na gudu alhali ba ki buɗe komai ba.

Injiniya Auwal:
Ƙari ɗaya. Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Antibairos ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows, sabuntawa ce ke yi. Ki gwada PC Health Check ki ga ko laftof ɗin za ta ɗauki Windows 11. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke jikin kwamfutar, kuma a furosesar Intel galibi daga zubi na takwas zuwa sama. Ki san wannan kafin ki kashe kuɗi a kan RAM.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Na cire dukansu huɗun, yanzu Disk na sauka cikin minti biyu da rabi. Wani ya ce in riƙa kashe Real-time protection idan ina aiki, ya halatta? Kuma yaya zan san Defender ɗin na aiki da gaske, tunda shiru yake?

Malam Nasiru:
Amin Hajiya. Kada ki kashe. Lokacin aiki ne kike buɗe saƙonni da filash, lokacin da aka fi buƙatarsa ke nan. Ko kin kashe ma, Windows zai sake kunna shi bayan ɗan lokaci.

Gwajin kuwa, ki nemi fayil ɗin EICAR a shafin eicar.org. Rubutu ne mai haruffa 68, ba ya cutar da komai, amma kamfanonin antibairos sun amince su riƙa kama shi kamar bairos. Ki gwada sauke shi. Idan burauza ta tare shi tun kafin ya sauka, ki kwafi rubutun ki zuba a Notepad ki ajiye. Sanarwa za ta fito a kusurwar dama ta ƙasa cikin daƙiƙu kaɗan, fayil ɗin kuma ya ɓace. Ki shiga Protection history za ki gan shi a rubuce. Idan ya zauna lafiya babu wanda ya tanka masa, ki duba Exclusions ko an saka foldar a ciki, sannan ki sake gudanar da manhajar gogewar nan, domin da alama saura daga tsohon antibairos ne ya hana Defender tashi.