Tsinuwar gado a littafin soyayya: tamu ce ko aro?

Malamar Kawo: Salamu alaikum. Kashi na biyu na littafin nan da muka yi ta jira ya fito, na kwana a kansa. Yarinya ta gaji tsinuwar kakarta, duk namijin da ya so ta sai ya mutu, ga shi zuciyarta na kan ɗan gidan da suka yi musu bakin. Ni dai ra'ayina, wannan ba labarinmu ba ne, fim ɗin Indiya aka juye da Hausa.

Ɗalibin Samaru: Wa alaikumus salam. Malama, a gafarce ni, ban yarda ba. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East fa? Nan Zariya aka buga shi tun shekarun 1930. Malam Shehu ya sa dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, abin ya sauka kan Kyauta, ɗan da ta haifa, ya tashi ɓarawo. Soyayyar da aka hana da masifar da ta bi ɗa, duk suna ciki, kuma a aji aka karantar da iyayenmu shi.

Malamar Kawo: Wancan sammu ne, ɗana. Mutum ne ya je ya nemo, alhakin na wuyansa. Wannan kuwa an nuna jini ne ke ɗauke da tsinuwa daga kaka zuwa jika. Alƙur'ani ya ce rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, yana nan cikin Suratul An'am.

Yaya daga Rigasa: Nan ne inda abin ya taɓa ni, Malama. Ku bar batun Indiya. A layinmu akwai wadda mijinta na fari ya rasu a hatsarin hanyar Abuja, na biyu shagonsa ya ƙone. Shi ke nan aka ce farar ƙafa gare ta. Ranar wani biki ina gani ta miƙa hannu za ta gyara wa amarya mayafi, wata gwaggo ta janye amaryar. Ta koma bakin ƙofa ta zauna, ko abinci ba ta ci ba. Yanzu har ƙannenta manema na gudu. To 'yanmatan da ke karanta irin littafin nan a waya, me za su ɗauka?

Ɗalibin Samaru: Yaya, ai marubuciyar tana bayan yarinyar. Saurayin ya ƙi guduwa, ya tsaya.

Yaya daga Rigasa: Ya tsaya, amma da me aka karya tsinuwar? Sai da ya shiga daji ya samo zoben aljani. Ke nan an tabbatar tsinuwar gaskiya ce. Maƙwabciyata ba zobe take buƙata ba, so take a daina yarda da zancen.

Anti Barnawa: Ni aljanun ba su dame ni ba, da Ruwan Bagaja muka girma. Amma Yaya ta yi gaskiya. Da a ce a ƙarshe an gano hassadar dangi ce aka laƙaba wa yarinyar suna, da na saya wa 'ya'yana.

Malamar Kawo: Har yanzu ina kan bakana game da Indiya, waƙoƙin da aka cusa a tsakiya sun isa shaida. Wa ke da Jiki Magayi ya ara min? In sake dubawa kafin Asabar.

Ɗalibin Samaru: Akwai nawa, Malama. Gobe in Allah ya kai mu zan ba direba ya kawo miki tashar Kawo.