Majinyacin da magani ya ƙare masa: a kai shi imajensi cikin dare ko a bar shi gida?

'Yar Anguwar Rogo: Assalamu alaikum. Mahaifinmu na fama da kansar hanta, likitoci sun gaya wa yayyena cewa ba sauran magani sai lallaɓawa. Dare ne damuwarmu. Yaya babba ya ce da an ga sauyi a tafi imajensi, Hajiya ta ce wahalar da shi kawai ake yi. Waɗanda suka yi irin wannan jinya a Jos, me kuka gani?

Magidanci daga Bukuru: Wa alaikumus salam, Allah ya sa kaffara ce. Irin ciwon ne ya ɗauki mahaifiyata. Ki sani a imajensi ba layi ake bi ba, wanda ake ganin za a ceto ransa yanzu shi ake fara dubawa. Muna zaune aka shigo da 'yan haɗarin mota, kowa ya koma kansu, mu kuwa muna baranda cikin sanyin hunturu, Inna na nishi. Ban ga laifin ma'aikatan ba, amma daren ya yi tsawo. Da likita ya iso, ya ga cikinta ya cika da ruwa har ya tokare numfashi, ya sa allura ya zuƙe. A nan ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Ku haɗa katin asibiti, sakamakon gwaje-gwaje da kwalayen magani a jaka guda, da bargo.

Nas a wani asibitin Jos: Ƙanwata, sannunku da jinya. Da kun shiga, ku faɗa ƙarara: an ce ba zai warke ba, sauƙi muka zo nema. In ba ku faɗa ba, likitan dare bai san Baba ba, zai rubuto gwaje-gwaje da hoto, kuɗi su tafi, ciwon na nan.

Abin da zai sa ku taho ko ƙarfe nawa ne: aman jini, fitsari ya tsaya mara ta kumbura, jijjiga, numfashi ya sarƙe, ciwon baya da ƙafafu suka mutu farat ɗaya, ko zafin da maganin gida ya kasa. Duk waɗannan akwai abin yi. Sauran kuwa da rana ake shirya musu, a wajen likitan da ke ganinsa.

Sai maganar mofin, maganin zafi mai ƙarfi, wadda dangi ke gudu. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakan maganin zafin kansa: a fara da irin su farasitamol, a hau zuwa masu ɗan ƙarfi, a kai ga mofin. Na ruwa ana ba da shi duk awa 4, bisa agogo, ba sai majinyaci ya fara ihu ba. In likita ya auna daidai, ba ya gaggauta ajali. Amma yana ƙulle ciki, don haka a rubuta muku mai sassauta bayan gida tare da shi. Magani ne da gwamnati ke tsarewa, ba a kemis ɗin unguwa ake samu ba, ku tambaya a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Kada a sayo taramol a kasuwa a ce an huta. Mai ciwon hanta kuma ko farasitamol sai likita ya faɗi adadi.

Uwargida daga Gangare: Ni ina bayan Hajiya. Maigidana ya ce a mayar da shi ɗakinsa, muka sa hannu a takarda muka fito. Danginsa suka ce na gaji da shi. Wata gwaggonsa ta dage sai an ɗura masa kunu, ya shaƙe har ya yi tari da ƙyar. Daga nan auduga nake jiƙawa ina shafa masa a leɓe. Da gargara ta zo muka juya shi gefen dama, ƙaninsa na laƙƙana masa kalmar shahada, yara na karanta Yasin. A ɗakin imajensi mutum ɗaya ake bari, wa zai yi wannan duka?

Wani daga Rikkos: Allah ya jiƙansa, Uwargida. Amma ba kowa gida zai yi wa ba. Namu kan iskar oksijin yake, wutar unguwarmu kuwa kun san halinta, sai muka roƙa aka ba shi gado a ɗakin maza. Abin da na fi so ku ji: ku tambayi Baba da kansa. Mun yi ta ɓoye wa namu, ashe ya sani. Ranar da wansa ya zauna da shi, ya lissafa basussukansa, ya faɗi wanda zai yi masa wanka.

'Yar Anguwar Rogo: Na gode, Allah ya jiƙan magabata. Anti nas, ya fara ruɗewa, yana barci da rana yana surutai da dare. Shi ma na tafiya imajensi ne?

Nas: A mai ciwon hanta sau da yawa dattin da hanta ta kasa tacewa ne ke hawa kai, rashin bayan gida kuma na ƙara shi. Yaushe rabonsa da zagayawa? Duba ko baƙi ne wuluk, don alamar jini ce. In baƙi ne, ko ba ya farkawa in an tashe shi, ku taho yanzu. In ba haka ba, ku kai shi da safe.