Tsohon gidan reza na Gillette: na kasa gane shekarar ƙirarsa

Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye nake kusa da Ringim, ina tara tsofaffin kayan aski. A kasuwar Gujungu na tsinci wani gidan reza a tarkacen mai gwanjo, yau sati uku ke nan yana ba ni ciwon kai.

Ba irin wanda ake kwancewa gida uku ba ne kamar samfurin Gillette da ake kira Tech. Ana murɗa gindin mariƙin, sai murafu biyu su buɗe a sama a saka reza. Babu zoben saita reza mai lamba 1 zuwa 9 a wuyansa, don haka na cire Fatboy da Slim, samfuran Gillette masu wannan zoben, daga lissafi. A ƙasan kan akwai tambarin Gillette, an kuma rubuta ƙirar Ingila ce.

Na san na Amurka daga 1951 suna da harafi da lamba: harafin shekara, lambar kuma zangon wata uku, misali A na nufin 1955. Wannan harafin na yi ta nema. Na jiƙa gidan rezar cikin ruwan ɗumi da sabulu, na goge koren dattin da buroshin haƙori, na haska tocila har cikin lungun murafun. Lambar rajista kawai ta fito, ita ma ƙarshenta ya cinye. Wanzamin garinmu ya juya shi ya ce tun yana yaro rabonsa da irinsa, amma bai san sunansa ba.

Zuciyata ta fi karkata ga samfurin Gillette da ake kira Rocket, sai dai a hoto kamanninsa ɗaya da wani samfurin nasu, Super Speed.

Don Allah, wace alama ce a mariƙi ko a kai ake dubawa a gane zamanin ƙirar Ingila marar harafi?