Kibiyar laftof ɗina tana tsalle: in sayi linzami ko a gyara faifan taɓawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina haɗa furojek ɗin kammala karatu. Sai ina tsakiyar rubutu in ga kibiyar ta koma can saman shafi, kalmomi sun shiga inda ba su ba. Jiya rabin babi na biyu ya goge. Zaɓen layuka a Excel kuwa sai yatsa ya yi tsami. In sayi linzami (mouse) ne? Mai waya ko marar waya?

Wata ma'aikaciyar ofis daga Arkilla: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tafin hannunki ke gogar faifan kina bugun haruffa. Shiga Settings, wajen Touchpad, ki rage ƙarfin jin taɓawarsa. Kuma ki koyi aiki da yatsu: biyu kan ja shafi sama da ƙasa, ki ɗan taɓa da su tare ya zama dannan dama, uku in kin goga sama su baje miki duk abin da kika buɗe. Windows 10 da 11 duk suna yi, in dai faifan irin wanda ake kira Precision ne.

Wani ɗalibi: Anti, duk da haka Excel sai linzami. Ni dai mai waya nake so. Marar waya batir yake ci, kuma ɗan mitsitsin abin da ake sokawa a USB ɗin nan, ranar da ya faɗi a keke napep shi ke nan. Kada dai ki ɗora linzamin kan tebur na gilashi, ba ya karantawa.

Mai gyaran kwamfuta daga Mabera: Malama, kafin ki kashe kuɗi amsa mini biyu. Tsallen yana ƙaruwa in caja na jone, musamman da janareta? Sannan ki ɗora laftof ɗin a tebur, ki duƙa ki dube shi ta gefe: faifan ya ɗago ko dannawa ta yi tauri? Faifan nan da 'yar wutar jikin yatsa yake gane taɓawa, don haka caja marar kyau kan rikita shi, haka ma zufa. Shi kuma batir a laftof da yawa ƙarƙashin faifan yake kwance. Zafin Sakkwato a watan Afrilu, da ke wuce digiri 40, ga caji dare da rana, sai batirin ya kumbura ya turo faifan sama. Linzami zai rufe miki matsalar ne kawai, batirin na nan yana kumbura.

Mai tambaya: Malam, na duba. Wallahi gefen hagu ya ɗago, har katin ATM na shiga tsakani.

Mai gyara: To cire cajar yanzu, ki kwashe furojek ɗinki a filash, ki kashe laftof ɗin. Kada ki danne wurin ko ki soka wani abu kuma, batirin na iya kama wuta. Gobe ki kai a sauya shi.